Amalanken Auta

Mutum ya haura sittin, furfura ta cinye kansa, ga jikoki suna hawa masa wuya, amma har yau Auta ake ce masa. Sunan bai taɓa damunsa ba sai in ya fito daga bakin yayansa, domin shi Yaya in ya ce "Auta", sai ka rantse da yaron da bai daina fitsarin kwance ba yake magana.

Yaya kafinta ne tun tasowarsa. Auta kuwa a siton wani kamfanin sabulu ya ƙare ƙuruciyarsa, yana jera kwalaye a kan kantoci, har aka sallame shi da agogon bango da takardar yabo. Ba faɗa suka taɓa yi ba. Magana ce kawai ta ƙafe a tsakaninsu tun bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta koma ina kwana, ina gajiya, a gaida yara. Matar Yaya ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a wani gari mai nisa, shi kaɗai yake zaune a gidan da ke jikin rumfar aikinsa, kusa da bakin ruwa. Auta yakan leƙa shi jefi-jefi, su zauna su kalli bango tare, ya tashi ya yi sallama.

Sai ga shi wata safiya Yaya ya kira shi a waya, ya ce zai tayar da tsohon jirgin ruwan babansu, in yana da lokaci ya zo ya kama masa. Lokaci kuwa, ai shi ne abin da ya yi wa Auta yawa har ya rasa inda zai sa shi. Kafin Yaya ya ajiye wayar Auta ya soma neman takalminsa.

Jirgin na katako ne, ya daɗe a kife a bayan rumfa, rana ta ci rabonta, ruwan sama ya ci nasa, kajin maƙwabta sun mai da ƙarƙashinsa ɗakin ƙwai. Aka tara majiya ƙarfi suka ciccibe shi zuwa cikin rumfa, suka ɗora shi a kan gumagumai yadda mutum zai iya shiga ƙasansa ya kwanta rigingine. A nan Auta ya gane ma'anar "kama min". Ba a yarda ya taɓa jirgin ba. Ranar farko da ya ɗauki guduma, Yaya ya karɓe ta a hankali, ya tuna masa wata ƙusa da ya lanƙwasa tun suna yara, ƙusar da shi Auta ya manta da ita tuntuni. Aikinsa shi ne miƙa kaya.

Su kuma kayan, Allah ya kyauta. Duk suna jibge cikin wani tsohon daro da buhu guda: guduma, zarto, kurfi manya da ƙanana, filaya, magagari, sukudireba, ƙusoshi a warwatse suna jiran yatsan da za su soka. Ga Yaya ba ya kiran abu da sunansa. Yana kwance a ƙarƙashin jirgi, sai dai ka ga hannu ya fito, ka ji an ce "wancan". Wane wancan? Oho. Auta ya durƙusa ya yi ta tono, ya miƙa kurfi, hannun ya dawo da shi. Ya miƙa ƙaraminsa, a ce ba shi ba, mai baƙin ƙota. A tono mai baƙin ƙota a tarar ashe Yaya yana kwance a kansa.

To amma a cikin wannan tonon ne bakin Yaya ya buɗe. Mutum yana kwance hannunsa ba komai, ba abin yi sai jira, sai hira ta ɓalle masa ba shiri. A nan Auta ya ji labarin ranar da babansu ya faɗa ruwa garin bin hularsa, ya fito tsamo-tsamo yana cewa ƙasan jirgi ya je dubawa. A nan ya ji cewa mahaifiyarsu, wadda ya sani da tsoron ruwa, ta fi baban iya iyo, tana ɓoyewa ne don kada ta kunyata shi. Wani lokaci su yi gardama a kan launin da jirgin yake da shi a da, Yaya ya ce shuɗi, Auta ya ce kore, har su manta da abin da ake nema. Sau da yawa rana takan yi tsaka ba a kafa katako ko ɗaya ba.

Kullum in ya koma gida sai ya zauna ya zayyana wa matarsa irin wulaƙancin da ya sha. Wai shi, wanda ya riƙe sito guda ba a taɓa neman kwali an rasa ba, shi ne aka mayar mai tonon daro. Ita dai takan ce Allah ya ba da haƙuri, ta ci gaba da abin da take yi, don ta ga yadda yake sammako yana fita kamar wanda ake rabon wani abu. Gaskiyar magana, rumfar nan ce ta dawo masa da ɗan'uwansa, kuma ba abin da yake tsoro irin ranar da za a ce masa ba a bukatarsa.

Ranar kuwa ta leƙo. Auta ya ɓata kusan rabin safiya yana neman wata 'yar sifana, bayansa ya riƙe, ya miƙe yana nishi yana dafa ƙugu. Daga ƙarƙashin jirgi muryar Yaya ta fito.

"Auta, in ka gaji ka je gida ka huta mana. Ni ma zan iya lallaɓawa."

Ba wani abu Yaya ya ƙara ba, amma maganar ta tsaya wa Auta a rai. Ya juya ta ya sake juya ta a hanyar gida. Zan iya lallaɓawa. Wato an soma yi masa shimfiɗar kora ke nan. Kafin ya kai ƙofar gidansa ya yanke shawara: zai yi abin da zai sa Yaya ya san cewa rumfar nan ba ta tafiya sai da shi. Zai ƙera amalanken kayan aiki, mai tayoyi, mai gurbin kowane abu, wanda in an ce "wancan" kafin a rufe baki wancan ya iso hannu.

A barandar gidansa ya kafa sansani, a ɓoye, da yamma in ya dawo. Ya kwance wata tsohuwar kantar littattafai ya sami katako. Ya je wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa ya zaɓo tayoyin wani mataccen gadon asibiti, masu juyawa kowane ɓangare, biyu ma da birki. Ya yi ta kai-kawo da tef ɗin awo a aljihu, in Yaya ya shiga gida shan ruwa sai ya yi wuf ya auna tsawon zarto, ya auna kaurin ƙotar guduma, ya auna tazarar da ke tsakanin ƙasa da cikin jirgi. Ƙusa kam ya lanƙwasa ba adadi, ya daki babban yatsansa har farcen ya yi baƙi, ya ce wa matarsa ƙofa ce ta matse shi. Ita da take jin ihunsa daga kicin ta ce lallai ƙofar nan ba ta da imani.

Amma abin da Allah bai ba shi a hannu ba ya ba shi a ka. Tsari dai, a bar wa mutumin sito. Ya yi amalanken gajere, yadda zai shige ƙarƙashin jirgi, wanda ke kwance ya ga komai ba sai ya ɗaga kai ba. Masu nauyi a ƙasa, masu kaifi a gefe bakinsu a rufe, ƙusoshi a gwangwanaye kowane girma da nasa. Ya ɗora kowane kaya a gurbinsa ya zana siffarsa da jan fenti, ta yadda ko baƙo ya zo zai san inda filaya take kwana. Da ya ga tayoyin suna ɗan girgiɗi, ya tura shi wurin mai walda na bakin layinsu, ya ce a liƙe notocin gaba ɗaya, ba ya son abin da zai kwance ko bayan ransa.

Matarsa ta zagaya amalanken, ta yaba, sannan ta tambaye shi shi kuma a ina zai riƙa tsayawa. Ya ce a bayansa mana, ai kowace mota da direbanta. Da ya tsaya a nan, da an zauna lafiya. Amma mai son a yabe shi ba ya sanin inda ake tsayawa. Ya dubi amalanken ya ga kamar da saura. In shi yana can gaban jirgi, Yaya yana baya fa? Sai ya nemo igiya mai ƙwari ya ɗaura a hancin amalanken, ya yi mata maɗauki a ɗaya bakin, yadda mutum zai rataya a wuyan hannu ya jawo abinsa daga kwance. Ya gwada a tsakar gida, ya kwanta a ƙasa ya ja, amalanke ya taho sumul ya tsaya a gefen kunnensa. Daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai.

Da Auta ya tura shi cikin rumfa, Yaya ya fito daga ƙarƙashin jirgi. Ya goge hannu a riga, ya tsuguna, ya shafa kusurwoyin, ya girgiza shi, ya taka birki ya saki. Ya ga gurbin kurfi mai baƙin ƙota da jan zanensa. Ya daɗe yana kallon igiyar. Sannan ya ɗago.

"Kai ka yi wannan da hannunka?"

"Ni na yi, Yaya."

"Ka yi aiki. Wallahi ka yi aiki."

Auta ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Tunda uwarsu ta haife shi bai taɓa jin wannan kalma daga bakin nan ba. Yaya har da fita ya kira maƙwabcinsa mai gyaran injin jirgi, ya nuna masa, yana cewa ƙanena ne ya ƙera. Ranar Auta ya koma gida baki har kunne, ya ba matarsa labarin tun daga farko, da ya kai ƙarshe ya sake ɗaukowa daga farko.

Washegari ya zo da wuri ya kama bayan amalanke, direba ya hau aiki. Yaya ya shige ƙarƙashin jirgi, ya rataya igiya a hannu, ya ja. Amalanke ya fizge daga hannun direba ya bi mai kira. Aka ji ƙwas, an ɗauki kurfi. Aka ji ƙwas, an mayar. Auta ya tsaya yana jiran hannu ya fito, hannu bai fito ba. Ya jira a ce "wancan", ba a ce ba. Guduma ce kawai take magana, kuma ita ba ta san labarin kowa ba.

Aiki kuwa ya kama gudu kamar an sake shi daga mari. Ruɓaɓɓun katakai suka fita, sababbi suka shiga, aka cusa zaren auduga a tsagogi aka bi da kwalta. Abin da a da yake cin mako, yanzu kafin rana ta karkata an wuce shi. Auta ya ɗauki tsintsiya ya share garin katako. Ya sake sharewa. Ya gwada jan hira, ya ce wai ina aka kwana a maganar hular Baba, Yaya ya amsa da ƙusoshi a baki, "Uhm", ya ci gaba da bugu. Mutumin da kaya ke hannunsa ba shi da bakin hira.

Abin kunya ne a faɗa, amma dattijo mai jikoki ya koma yi wa abin da ya ƙera da hannunsa zagon ƙasa. Da Yaya ya shiga gida, Auta ya musanya gurbin filaya da na sifana, ya koma gefe yana jiran a kira shi. Yaya ya lalubo, ya duba, ya ga jan zanen, ya mai da kowacce ɗakinta. Auta ya ɗauko sifana zai sassauta taya guda, ya tarar da waldar da shi da kansa ya tsaya a kai aka yi, ko gezau. Ya yi tunanin yanke igiyar, ya ga wannan kam ko yaro ya san ba ɓera ba ne. Ya zagi mai walda a zuciyarsa, ya zagi gadon asibiti, ya zagi kamfanin sabulu da ya koya masa tsari.

Ana haka, wata rana Yaya ya turo kansa daga ƙarƙashin jirgi, ya same shi a tsaye riƙe da tsintsiya a wurin da babu abin sharewa. Ya dube shi, ya kau da kai. Ya ce masa tsayuwar nan ba ta yi wa bayansa kyau, ya je gida ya huta, in an gama zai kira shi ya zo ya gani. Auta ya jingine tsintsiya, ya ce to Yaya, Allah ya taimaka, ya fita jiki a sanyaye.

Zaman gida ya dawo masa sabo, har ya fi na da ɗaci, don yanzu ya san abin da ya rasa. Girman kai ya hana shi komawa ba a kira shi ba. Ya rasa abin yi, ya faɗa kicin ɗin matarsa, ya jera mata cokula bisa tsawo, ya raba murafen tukwane da tukwanensu, har ya ɗauko jan fenti zai zana gurbin ludayi a bango. Nan ta tare ƙofa, ta ce masa ya yi wa Allah ya bar mata kicinta yadda ya gan shi, ita tana son neman abinta. Ya koma baranda ya zauna, wayarsa a kan cinya, duk ƙarar da ta yi sai gabansa ya faɗi, ya duba ya ga masu tallan kamfanin waya ne.

Kiran ya zo tun kafin ya zata. Yaya ya ce an gama.

Jirgin yana nan a kan gumagumansa, ya sha fenti yana ƙyalli, sai ƙamshin kwalta da sabon katako. Ko maƙiyi ya gani sai ya yaba. Auta ya zagaya shi, ya sa hannu ya shafa, yau ba wanda ya hana shi. Sai da ya gama zagayen ya lura da rumfar. An kwashe katakan da ke jingine a bango. An tuge teburin aiki. A bakin ƙofar gida ga akwatuna a ɗaure, ga katifa a naɗe. Amalanken yana tsakiyar fili, an goge shi tas, ba komai a kansa sai jan zane.

Yaya ya zauna a kan wani gungume, ya nuna masa wani. Ya ce 'yarsa ta daɗe tana matsa masa ya rufe rumfa ya koma wurinta, wai ya tsufa da zama shi kaɗai. Ya yi ta zillewa har ya rasa hanya, sai ya ce mata to, ta bari ya tayar da jirgin kakanta, ranar da ya gama ta aiko a ɗauke shi. Ta sa ya yi mata alkawari. Shi a lissafinsa, jirgin nan da daron nan da Auta, aikin shekaru ne. Yanzu ga shi mijinta yana hanya da mota.

Da ƙyar Auta ya ce, "To me ya sa ba ka rage hannu ba, Yaya? Wa yake ganinka?"

"Na gwada. Ban iya ba. In kaya yana hannuna ban san yadda ake yin aikin ƙarya ba."

"Da sai ka ajiye amalanken. Ka ce bai yi ba."

Yaya ya dube shi, irin kallon da yake yi masa tun suna yara.

"Ka zo da farce baƙi, kana haki, idonka a bakina. In ce maka bai yi ba? Ai ya yi. Matsalarsa ke nan." Ya murza tafin hannunsa. "Ni dai abin da ban gane ba, Auta, wa ya ce maka sauri nake yi?"

Auta ya so ya ce tsoro ne ya sa shi, tsoron kada a kore shi, amma ya ga in ya faɗa sai sun yi kuka su biyu, gardawa masu furfura, a gaban jirgi. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Suka zauna haka har suka ji hon a bakin layi.

Surukin ya shigo da fara'arsa, ya durƙusa ya gaishe su, ya yaba jirgi, ya soma jidar kaya. Akwatin farko ya kusa karya masa ƙugu. Ya waiga ya hango amalanken, ya tambaya ko zai iya ɗauka. Ba wanda ya amsa, sai ya ɗauka an yarda. Ya ɗora akwatuna, ya ɗora katifa, ya tura da yatsa biyu, tayoyin asibiti suka bi ƙasa ba ko ƙara. Kayan da za su ci masa yamma guda, nan da nan suka shige mota. Ya dawo yana share gumi yana murmushi, ya ce wa Auta, Baba, wanda ya ƙera wannan Allah ya yi masa albarka, ya rage mana aiki ƙwarai.

Yaya ya miƙa wa Auta makullin rumfa, ya ce jirgi da amalanke duk nasa ne, ya riƙa leƙa su. Ya shiga gaban mota, ya sauke gilashi kamar zai ƙara wata magana, sai kawai ya ɗaga hannu. Auta ya tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana, sannan ya koma ciki ya tura amalanken jikin bango, ya taka masa birki, ya ja ƙofa ya kulle.